Allo Daban, Bakin Jama'a Daban

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyare-gyaren tsarin mulki guda 16. A ciki akwai manya, irin wanda ya ba jihohi damar yin wutar lantarki da shimfiɗa layin dogo. Akwai kuma wani ɗan ƙarami da ya shafe mu nan arewacin Kano, wanda ya mayar da sunan ƙaramar hukumar Kunchi ya zama Ghari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, don ba wanda zai so kullum a riƙa jingina ƙasarsu da ƙunci. Abin mamakin shi ne nisan hanyar da aka bi. Sunayen ƙananan hukumomin Najeriya 774 a rubuce suke cikin tsarin mulki, ko harafi ɗaya ba a taɓawa sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai sun yarda, sannan majalisun jihohi aƙalla 24 su amince. Ke nan sai da 'yan majalisar da ba su taɓa jin labarin kasuwar Shuwaki ba suka ɗaga hannu kafin a sauya allon sakatariya. Garin kansa kuwa yana nan Kunchi, kuma da wannan sunan ake neman motarsa a tasha.

Shi dai wannan tsarin mulkin, a jadawalinsa na huɗu, ya damƙa wa ƙananan hukumomi aikin raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. A dokance kansilolin Makoɗa ko Tsanyawa ko Minjibir ne ke da wuƙa da nama a kan haka. To amma a ƙasar da gona ke manne da gona, gida nan, gida can, ba daji a tsakani, wa ya taɓa jiran kansila? Baƙo zai tsayar da babur ya ce, "Baba, barka da hutawa, ina ne gidan mai gari?" Dattijo ya nuna da sanda: "Yaro, bi burtalin nan, in ka wuce kuka mai kogo za ka ga rijiya, gidan da ke da rumbu uku a ƙofa, nan ne." Allon da za ka gani a irin wannan hanya ɗaya ne, na aikin mazaɓa, an kafa shi gefen famfon tuƙa-tuƙa. Sunan ɗan majalisar da manyan baƙaƙe, na ɗan kwangila a ƙasa, sunan ƙauyen kuma sai ka matso sosai. Sau da yawa famfon ya daɗe da tsayawa, allon na nan garau, an ɗaure akuya a ƙafarsa.

Akwai sunan ma'aikacin gwamnati guda da ya zauna daram a wannan yanki, na Audu Baƙo. Ɗan sanda ne, kwamishina, shi ne gwamnan farko na Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Sakatariyar jiha sunansa ne, gidan zu sunansa ne, Kwalejin Aikin Gona ta Ɗambatta ma haka. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, ba wadda ta yi gigin goge shi. Ni a ganina ba allo ne ya riƙe sunan ba. Shirin madatsun ruwan da ya faro, wanda ya haifar da Tiga da Bagauda, shi ne ya kai ga Tomas a ƙasar Ɗambatta da Watari a Bagwai. Manomin da ke fitar da tumatir da albasa da rani ba ya bukatar a karanta masa tarihi.

Ba kowane suna ke samun wannan kwanciyar hankali ba. Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, shi ne wakilin Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1981, har ya shugabanci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Da ya rasu a Alƙahira ranar 3 ga Yuli 2017, gwamnatin Ganduje ta sa wa Jami'ar Northwest, wadda Kwankwaso ya kafa a 2012, sunansa. A ƙarshen 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta maido wa jami'ar tsohon sunanta. Ba a jima ba, a watan Maris na 2025, Shugaba Tinubu ya ɗora sunan Ɗan Masani a kan Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Kano, tsohuwar FCE. Suna ya zama kamar tabarmar aro, a shimfiɗa a wannan zaure yau, gobe a naɗe a kai wancan. Wanda ya sha wahalar abin shi ne ɗalibin da ya shiga jami'a da suna ɗaya ya fito da takarda mai wani sunan, kullum sai ya yi wa mai ɗaukar aiki bayani.

Ga wani ƙarin: ita Jami'ar Northwest a Gidan Ado Bayero ta fara zama, dogon benen nan na Ƙofar Nasarawa. Shi ma Ado Bayero jakada ne, yana wakiltar Najeriya a Senegal aka kira shi ya hau gadon sarautar Kano a 1963. Na wasu shekaru, jakadun Kano biyu sun haɗu a gini ɗaya, sunan wannan a jikin bene, na wancan a kan takardun ciki.

Da yawa cikin matasa sun ɗauka Jami'ar Bayero sunan Ado ce. Ta mahaifinsa ce, Sarki Abdullahi Bayero. Kuma ba da wannan sunan aka haife ta ba. A 1960 Kwalejin Ahmadu Bello ake ce mata. Da aka buɗe jami'ar Zariya a 1962 aka ba ta sunan Sardauna, sai ta Kano ta saki, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977.

Hedikwatar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja Gidan Tafawa Ɓalewa ake kiranta, kuma sunan ya dace, don lokacin da aka sami 'yanci a 1960 Firayim Minista da kansa ya riƙe harkokin waje, sai a 1961 ya miƙa wa Jaja Wachuku. Sai dai Tafawa Ɓalewa gari ne a Jihar Bauchi. Haka abin yake a Arewa: yaro ya je makarantar boko, an sami Abubakar uku a aji, sai a liƙa wa kowa sunan garinsu. Shagari gari ne, Rimi gari ne a ƙasar Sumaila, Kwankwaso gari ne a Madobi, Ganduje kuma ga shi nan kusa a Dawakin Tofa. Duk ginin da aka sa wa sunan ɗayansu, wani ƙauye ya ci riba ba tare da ya nema ba.

A Amurka gini irin wannan ba ya samun suna da bakin shugaban ƙasa kawai. Sai an kai ƙudiri majalisa, an karanta, an kaɗa ƙuri'a, shugaba ya sa hannu. Ta haka hedikwatar ma'aikatar harkokin wajensu ta zama Ginin Harry Truman a 2000. Ta haka kuma ofishin wakilcinsu a Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke fuskantar ginin majalisar a New York, ya sami sunan Ronald Brown a 2009. Brown shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe ma'aikatar ciniki, ya mutu a haɗarin jirgin sama a Kuroshiya a 1996 yana bakin aiki. Ko gidan waya na ƙaramin gari sai da doka, shi ya sa kaso mai tsoka na dokokin da majalisarsu ke zartarwa ba komai ba ne illa raɗin suna. Duk da wannan ɗawainiya, 'yan jaridarsu ba su cika cewa Ginin Truman ba. Foggy Bottom suke cewa, sunan unguwar.

Inda abin ya fi daɗi shi ne titin da ke gaban ofishin jakadanci. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta hana ƙasar da ta karɓi baƙunci shiga harabar ofishin jakada ba da izini ba. Amma titin waje na masu gari ne, su ke da ikon kiransa abin da suka ga dama, kuma jakada ba shi da yadda zai yi, dole adireshin ya hau takardunsa. Najeriya ta ɗanɗana wannan a zamanin Janar Sani Abacha. An harbe Kudirat Abiola a Legas ranar 4 ga Yuni 1996, tana fafutikar a saki mijinta, Moshood Abiola. Haifaffiyar Zariya ce, abin da ba kowa ya sani ba. Hukumar birnin New York ta ɗauki kusurwar da Gidan Najeriya yake, inda ofishin wakilcinmu yake zaune, ta raɗa mata sunan Kudirat. Gwamnatin Abacha ta yi iya yinta ta hana, allo dai ya hau a farkon 1998.

Sai aka yi ramuwar gayya. Titin Eleke a Legas, inda ofishin jakadancin Amurka yake a lokacin, aka wayi gari ya koma Titin Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar baƙaƙen Musulmin Amurka, mutumin da gwamnatinsu ba ta ko son jin sunansa, wanda kuma ya zo Najeriya a 1996 ya kare Abacha. Wanda ya kawo wannan shawara, a gaskiya, ya san inda ke yi wa mutum ƙaiƙayi. Sunan bai yi tsawon rai ba. Da mulkin farar hula ya dawo sai titin ya zama na Walter Carrington, jakadan Amurka daga 1993 zuwa 1997, wanda ya tsaya wa 'yan rajin dimokuraɗiyya har 'yan sanda suka tarwatsa walimar ban kwanan da aka shirya masa. Titi ɗaya, suna uku cikin 'yan shekaru. Ofishin jakadancin ya koma Abuja, ƙaramin ofishinsu na Legas kuwa har yau adireshinsa sunan tsohon jakadansu ne.

Ba mu muka fara ba. A 1981 Iran ta cire sunan Winston Churchill daga titin da ke gefen ofishin jakadancin Birtaniya a Tehran, ta sa na Bobby Sands, ɗan gwagwarmayar Ailan da ya mutu a kurkukun Birtaniya bayan kwana 66 yana yajin cin abinci. Turawan suka ga ba za su iya buga wannan a takardarsu ba, suka mayar da ƙofar shiga ta wani titin. A 1986 birnin Glasgow ya sa wa dandalin da ƙaramin ofishin jakadancin Afirka ta Kudu yake sunan Nelson Mandela, alhali Mandela na tsare a hannun gwamnatin da ke da ofishin. Birnin Washington ya yi wa Rasha haka a 2018 da sunan Boris Nemtsov, ɗan adawar da aka harbe a Mosko, ya kuma yi wa Saudiyya a 2022 da sunan Jamal Khashoggi.

Maƙwabtanmu na Nijar nasu salon shara ce gaba ɗaya. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin soja a Yamai ta sauke sunan Charles de Gaulle daga babban titi ta ɗora na Djibo Bakary, wanda ya ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba-gardamar 1958. Aka kuma cire hoton wani hafsan Faransa mai suna Monteil daga wani dutsen tunawa aka sa na Thomas Sankara. Wannan Monteil ɗin ba baƙonmu ba ne, ya sauka a Kano a 1891, kan hanyarsa daga Senegal zuwa Barno, shekara 12 kafin sojojin Ingila su ci birnin.

Sanarwa daban, doka daban. Ranar 29 ga Mayu 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya faɗa a jawabinsa cewa Jami'ar Legas ta zama Jami'ar Moshood Abiola. Ɗalibai suka fantsama kan titi, tsofaffin ɗalibai suka nufi kotu, aka tuna masa cewa dokar majalisa ce ta kafa jami'ar da sunanta, ita kaɗai ce kuma za ta iya sauya shi. Maganar ta bi ruwa.

Shi kuwa sunan filin jirgin Minna bai sami mai tsaya masa ba. A watan Yuni na 2023 gwamnatin tarayya ta raɗa wa filayen jiragen sama 15 suna: na Kaduna ya zama na Hassan Usman Katsina, na Dutse na Sarki Nuhu Sanusi, na Minna kuma na Abubakar Imam, ɗan Kagara, marubucin Magana Jari Ce, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Masu son adabin Hausa suka ce madalla, yau an tuna da mai alƙalami. Ba a cika shekara ba, a watan Maris na 2024, gwamnan Neja ya mayar da filin na Bola Ahmed Tinubu. Wannan ɗabi'ar ta sa wa gini sunan mai mulki yana kan kujera ba sabuwa ba ce. Jami'ar Jihar Katsina ta zama ta Umaru Musa 'Yar'aduwa yana shugaban ƙasa, ta Jigawa da ke Kafin Hausa ta zama ta Sule Lamiɗo yana gwamna. Ni dai ban ga abin da za a rasa ba in an jira mutum ya sauka, a ga abin da ya bari, tukuna a kira mai fenti.

A Kano bakin jama'a ke yanke hukunci na ƙarshe, kuma ba ya bin ƙa'ida. Asibitin Murtala ya karɓu, tsohon sunansa na asibitin birni ya kusa ɓacewa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano an gajarta shi ya zama Asibitin Malam, ba sai ka faɗi wane malami ba. Amma asibitin da aka sa wa sunan Kanar Muhammadu Abdullahi Wase, gwamnan sojan da ya rasu a haɗarin jirgi a Jos a 1996, in ka ce wa ɗan adaidaita ya kai ka can da wannan sunan sai ya tsaya yana kallonka. Asibitin Nasarawa ya sani. Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi tana nan a takarda, Sabon Gari ake zuwa. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, gwamnatin Ganduje ta ba su sunayen manyan malamai uku, Isiyaka Rabi'u da Nasiru Kabara da Ja'afar Mahmud Adam, malaman da Kano ke girmamawa matuƙa, amma mai zuwa Bandirawo ta hanyar Dawanau har yanzu Bandirawo yake cewa.

Duk wanda ya shigo birni daga Bichi ko Ɗambatta ta titin Katsina ya san Barikin Bokabo. Bukavu ne, wani gari a gabashin Kwango inda sojojin Najeriya suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a farkon shekarun 1960. Soja sun fi son sunan fagen fama a kan na mutum: Dodan a Legas daga yaƙin Bama ya zo. Barikin Abacha na Abuja an mayar da shi Mogadishu, mutanen Abuja kuwa ba su fasa zuwa cin kifi a Barikin Abacha ba.

Gidan Ɗan Hausa shi ne akasin haka, laƙabi ne ya zama na hukuma. Hanns Vischer haifaffen Suwizalan ne, ya buɗe makarantar boko a Nasarawar Kano a 1909, Kanawa suka yi masa laƙabin Ɗan Hausa saboda yadda Hausa ta zauna a bakinsa. Yau gidansa gidan tarihi ne, kuma da wuya ka sami wanda zai kira shi da sunan mutumin na yanka.

Sai sunayen da ba majalisar da ta zauna a kansu. Jerome Udoji ma'aikacin gwamnati ne da ya shugabanci kwamitin gyaran aikin gwamnati, rahotonsa na 1974 ya jawo ƙarin albashi har da ariyas, kuɗi suka yi ambaliya, dattawa har yau in suna labarin lokacin da aka sayi rediyo da keke da babur sai su ce shekarar Udoji. Naira ashirin ta zama 'yar Murtala tun da hotonsa ya hau kanta a 1977. A Daidaita Sahu shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, shirin ya tafi, sunan ya maƙale a kan babur mai ƙafa uku, wanda Legas ta daɗe tana kira da sunan Buba Marwa. A gona ma haka. Akwai gyaɗar da manomanmu ke kira 'Yar Dakar don daga Senegal irin ya fito. Akwai kuma farin waken da masu bincike suka fitar da lamba da haruffa, kasuwa ta yi watsi da lambar ta ce masa Kwankwasiyya, kuma da haka ake cinikinsa a buhu.

Karramawa mafi yawo da aka taɓa yi wa ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan tana cikin aljihun kowa. Takardar naira dubu, tun da ta fito a 2005, hoton mutum biyu take ɗauke da shi, kuma ba soja a cikinsu: Aliyu Mai-Bornu, tsohon malamin makaranta ɗan Yola wanda ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Babban Bankin Najeriya a 1963, da Clement Isong da ya gaje shi a 1967. Sunayensu a rubuce suke ƙarƙashin hotunan. A Dawanau ana ƙirga su bandir-bandir daga safe har magariba, ana danna su a buhu ana ɗaurewa. Ka tsayar da dillali ka tambaye shi wane ne mai hular nan, zai juya takardar ya duba, ya ce maka dubu ɗaya ce.